Anti, da an ce in faɗi abin da na iya sai bakina ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai na gama digirina a ABU Zariya na yi bautar ƙasa a Jigawa, sau biyu kenan ana kira na intabiyu kuma duk abu ɗaya ne yake kada ni, da an ce in faɗi abin da na iya banda takardun makaranta, wai sof sikils, sai in rasa ta cewa. Wallahi ban taɓa aikin ofis ba, Hajiyarmu kawai nake tayawa sai da atamfa da leshi a gida, sai adashen matan layinmu da nake riƙewa. Kuma ni kunya nake ji in zauna gaban manya ina yabon kaina. Dan Allah ya zan yi?
Ƙanwarki daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ga ke da bakinki kin amsa rabin tambayar, don abin nan da suke cewa sof sikils ba wani baƙon abu ba ne, hali ne da iya zama da mutane, amana, haƙuri, cika alkawari, zuwa kan lokaci, iya magana, da sanin yadda za a ɓullo wa matsala in ta taso. Digiri ya nuna kin yi karatu, su kuma so suke su san ya zama da ke zai kasance daga safe zuwa yamma.

Adashen nan da kika faɗa kamar ba komai ba, ni shi ya fi ɗaukar hankalina. Duk wadda ta taɓa zama uwar adashe ta san ba wasa ba ne, ki bi mata gida gida kina karɓar zubi, wata ta ce yau babu sai jibi, ana gab da sallah mutum biyu kowa ta ce ita za ta kwasa, ke ce za ki lallaba su ki raba gardama ba tare da zumunci ya ɓaci ba, kuma kuɗin mutane na hannunki ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Mata ba sa ba kowa riƙon kuɗinsu haka kawai. Haka atamfar Hajiya, ciniki da kwastoma mai tsanani da karɓo bashi cikin mutunci, ai shi ake nema a banki da kamfanin waya. Ki tuna da CDS ɗinki ma, wato aikin taimakon al'umma da ake yi lokacin bautar ƙasa, in kin taɓa jagorantar wani aiki ki sa shi a lissafi.

Maganar kunya kuma na fahimce ki sosai, an raine mu da cewa yabon kai jahilci, kuma ba zan ce ki yar da tarbiyyarki ba. Ai ba sai kin ce "ni mai amana ce" ba, kowa haka yake rubutawa a CV har sun gaji da gani. Labari za ki ba su, ga abin da ya faru, ga abin da na yi, ga yadda aka ƙare. Misali ki ce shekara kaza ina riƙe adashen mata kaza, an taɓa samun saɓani kan kwasa, na rubuta jerin sunaye kowa ta amince, daga nan ba a sake rigima ba. Amma fa ki faɗi adadi na gaskiya, kar ki ƙara gishiri, don za su iya bin diddigi da tambaya.

Sai sunkuyar da kai da magana ƙasa ƙasa, a gida ladabi ne, a intabiyu kuwa wani zai ɗauka ba ki san abin da kike faɗa ba. Ki ɗago ki dube su, ki buɗe murya.

Kafin kira na gaba ki karanta tallar aikin da kyau ki ga wane hali suka ambata, ki shirya labari biyu ko uku da suka dace da shi, ki sa yayarki ta zama mai intabiyu ko ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Jobberman ma, wato shafin neman aiki, suna da kwas na sof sikils ta intanet, ki leƙa in kina da data. Allah Ya ba da sa'a ƙanwata, in an sake kiranki ki rubuto min yadda aka yi.