Filin Tambaya da Amsa: Ali Nuhu, Tsakanin Fitowa a Fim da Ba da Umarni

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, kuma musu ya ƙi ƙarewa tsakanina da abokaina a kan Ali Nuhu. Wasu suna cewa ba ɗan Kano ba ne, wasu kuma suna cewa shahararsa ta fitowa a fim ce kawai, ba ta ba da umarni ba. Ina roƙon a warware mana zare da abawa.
Daga mai karatu a Kabuga

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An haifi Ali Nuhu a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne a Jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuma 'yar Borno ce, amma a Kano ya tashi, a nan harshensa ya nuna, kuma a nan ya kafa sana'arsa, bayan ya karanci ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Saboda haka masu cewa ba a Kano aka haife shi ba sun faɗi gaskiya, sai dai duk wanda ya san garin nan ya san cewa Kano ta daɗe tana mayar da baƙo ɗan gida, balle wanda ya yi ƙuruciyarsa a cikinta.

Ya shigo harkar fim a daidai lokacin da take tashe. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na kaset, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata sun gane cewa akwai riba a harkar. Fim ɗinsa na farko shi ne Abin Sirri Ne a 1999, amma Sangaya ne ya kai sunansa kowane gida, inda ya fito a matsayin yarima tare da Fati Muhammad. Ina iya tuna yadda muka cika falon wani maƙwabcinmu da ke da bidiyo, manya a kan kujera yara a ƙasa, kuma da aka kai ƙarshe sai matan gidan suka nemi a mayar da kaset ɗin farko. Wanda bai ga wancan zamani ba zai yi wuya ya fahimci yadda fim guda ya sauya kasuwa baki ɗaya, domin daga nan furodusoshi suka tabbatar cewa labarin soyayya mai waƙa shi ne abin da ke sayuwa.

Game da ba da umarni kuwa, a ganina abokanka sun tauye shi, domin a nan ne aikinsa ya fi nauyi. Kamfaninsa na FKD ya zama kamar makaranta, kuma matasa da dama da suka yi suna a Kannywood ta hannunsa suka bi. Rahama Sadau ta fara fitowa ne tare da shi a Gani Ga Wane a 2013, kuma a Mansoor na 2017, wanda shi ya ba da umarninsa, ya ɗora nauyin labarin a kan Umar M. Shareef, wanda a lokacin an fi saninsa da waƙa, da Maryam Yahaya, wadda sabuwa ce. Darakta mai tsoron asara ba ya yin haka, musamman a shekarun da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, aka koma dogaro da kuɗin tikitin sinima. Jarumi yana iya haskawa na shekara biyar a manta da shi, amma wanda ya iya zaɓar fuska, ya koya mata tsayuwa a gaban kyamara, ya kuma haƙura da ita a lokeshan har ta goge, shi ne yake tsawaita ran masana'anta. Da kasuwa ta koma YouTube da finafinai masu dogon zango, bai tsaya kukan zamani ba, sai ya fito da Alaƙa.

Kada kuma a manta da ƙetarawarsa zuwa finafinan Kudu. Rawar da ya taka a Sitanda ta ba shi lambar yabo ta AMAA, wato gasar karrama finafinan Afirka, a 2007, sannan ya fito a Last Flight to Abuja da Confusion Na Wa.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya mata, kuma abin da ke damuna shi ne rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya da suka cika finafinan Hausa. Mutane suna ɗora alhakin wannan a kan Ali Nuhu. Shin adalci ne?
Daga wata mai karatu a Fagge

AMSA: Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Gaskiya ne cewa Ali Nuhu yana cikin waɗanda suka fi ɗaukaka salon soyayya da waƙa, kuma bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga finafinan Indiya ba. Su kansu 'yan fim suna da kalmar da suke kiran ɗauko labarin wasu a sa masa rigar Hausa, wato wankiya, kuma ni ina ganin wannan ɗabi'a ta cutar da marubutanmu, domin ta sa an yi watsi da labaran da ke cikin gidajenmu da kasuwanninmu da tarihinmu.

Sai dai ɗora wa mutum guda laifin ba adalci ba ne. Tun kafin a haife shi Kanawa suke cika gidajen sinima don kallon Indiya, kuma a lokacin Plaza tana nan unguwarku, ga Orion a Ƙofar Wambai, ga El Dorado a Sabon Gari. Daga baya tashoshin talabijin na NTA Kano da CTV suka shigar da waɗannan finafinai har cikin ɗakunan matan aure. Abin da ya ja hankalin Bahaushe gare su a fili yake: auren dole, da biyayyar iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk abubuwa ne da ya sani a rayuwarsa. Ali Nuhu da tsararrakinsa sun tashi a cikin wannan kallo, kuma 'yan kasuwar da ke sayen fim ba sa son karɓar wanda babu waƙa a cikinsa. Wannan takaddama ce ma ta taimaka wajen kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Shawarata ita ce ki riƙa zama tare da yaran idan suna kallo, domin yanzu mafi yawan abin da ke shiga wayarsu bai bi ta gaban wannan hukuma ba.

TAMBAYA: Wane muƙami gwamnati ta ba Ali Nuhu, kuma mene ne aikinsa?
Daga mai karatu a Gwammaja

AMSA: A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya naɗa shi Manajan Darakta na Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos, garin da ya yi karatun jami'a. Hukumar ba ta tace fim, wannan aikin wata hukuma ce daban. Nata aikin shi ne bunƙasa masana'antar, kuma a ƙarƙashinta ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos take, ita ce kuma ke shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja. Abin da nake fata daga gare shi, kuma na san masu ɗaukar hoto da masu tace sauti na Kano suna fata, shi ne ya buɗe ƙofar horo ga waɗanda suka koyi aikin a lokeshan ba tare da takarda ba, domin su ne suka riƙe Kannywood tun zamanin kaset.