Me ya sa LED ɗina ke ƙonewa a Arduino?

Ɗan'uwa, ka ce duk LED ɗin (ƙaramin ƙwan fitila) da ka jona kai tsaye da allon Arduino Uno sai ya ƙone. Rashin resista ne, wato ɗan abin da ke rage wuta. Ƙafar Uno, wato inda ake jona waya a allon, tana ba da volt 5, shi kuwa jan LED kusan volt 2 yake buƙata, kuma ba ya iya rage wa kansa wuta. Sa resista mai ohm 220 tsakaninsu, wutar za ta tsaya wajen miliamfa 14.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwar allon, wato ATmega328P. Don Allah kada ka ja sama da miliamfa 20 daga ƙafa ɗaya, domin allon ya fi LED tsada nesa ba kusa ba.

Doguwar ƙafar LED ta tafi ɓangaren wuta, gajeriyar ta tafi GND, wato ɓangaren negatif (−) na allon.