Mahaifinmu Ya Ruɗe Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Ina Matsayin Sallarsa da Sakin da Ya Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya haura shekara 70. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Jikin ya yi sauƙi, amma halinsa ya canza. Dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba, yanzu ashar yake yi. Yakan sallaci azahar sau uku, wani lokaci Fatiha ta ɓace masa. Rannan da daddare ya ce ya saki mahaifiyarmu, da gari ya waye bai san an yi ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba baba lafiya.

Hankali shi ne sharaɗin hawan hukunci a kan bawa. Abu Dawud da wasu sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa, ya koma bai san komai ba bayan a da ya sani.

Abin da likita ya faɗa sananne ne. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sashen da ya rasa jini yakan mutu. In ɓarnar ta shafi gaban kai, bayan goshi, inda linzamin harshe da auna magana suke, sai ka ji mai kunya yana ashar. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ku ce baba ya lalace da tsufa, kada kuma ku yi saurin ɗora wa aljanu. Ruƙiyya halal ce, amma ba ta hana shan magani da kula da hawan jinin.

Irin wannan ruɗewa tana zuwa tana tafiya, sau da yawa ta fi tsanani da yamma da dare, hukuncin kuma yana bin ta. Sallar da lokacinta ya same shi a hayyacinsa tana kansa, ya yi ta yadda zai iya, ko a zaune ko a kwance. Wadda lokacinta ya shiga har ya fita yana ruɗe ta faɗi, babu ramuwa, kamar yadda Malik da Shafi'i suka tafi a kai. Azumi ma ba ya kansa matuƙar bai san wata ya kama ba, kuma ba za ku ciyar a madadinsa ba, domin ciyarwa ta mai hankali ce wanda jiki ya gaza masa. Zakka kuwa haƙƙin dukiya ce, waliyyinsa zai fitar, a wajen jumhur, wato mafi yawan malamai.

Sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa. Sai dai tunda yana samun lokutan farfaɗowa, ba zan yanke muku daga nesa ba. Ku kai maganar gaban alƙali da bayanin likita da waɗanda suka ji furucin. In ta tabbata a ruɗe ya faɗa, aurensu na nan.

Azahar ɗin da yake maimaitawa, ku ƙyale shi, gardama tana ƙara rikita shi. Ɗayanku ya riƙa yi masa limanci, ya bi a baya.

Wallahu a'alam.