Mai Zane da Kyamararsa

Ka ce mini, "Maigida, zane na zo koya, me ya kawo aike na kasuwa da kyamara?" Ka kuma ce abokanka na faɗin duk wanda ya kalli hoto ya zana, kwafa ya yi, ba gwani ba ne. Ajiye buroshin nan ka zauna, ɗana, tambayar ta isa a tsaya mata.

Aikinmu na zanen labari, inda ake jera akwatuna a shafi su ba da labari, ya sha bamban da na mai zana fuskar mutum ɗaya a rataya a falo. A shafi guda za ka buƙaci kasuwa, da dattijo cikin babbar riga, da akuya, da adaidaita sahu ta kwaso fasinja. Babu kan da ke riƙe duk wannan. Kullum kana hawa adaidaita sahu, ko ba haka ba? To ɗauki fensir ka zana mini ita yanzu, kada ka leƙa titi. Nan take za ka tarar ba ka san inda madubinta yake ba, ba ka san yadda rufinta ya lanƙwaso ba. Ido ya saba gani, amma lura sai an koya masa.

Kuma mai karatu Bahaushe ba ya yafe irin wannan kuskuren. Babbar riga kaɗai ta ishe ka aiki. Shadda da ta sha bugu tsayawa take yi, ninkinta mai kaifi, yadi mai laushi kuwa zubowa yake yi. Dubi yadda mutum ke tattara hannun rigar ya ɗora a kafaɗa in zai yi alwala, da yadda yake sakinsa in zai gaida manya. Aikin aska takwas yana da gefensa, wajen aljihu. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, in ka naɗa wa malamin tsangaya shi, mutane za su bar labarin su koma dariyar rawanin. Haka zanna bukar da damanga, kowace da zamanta a ka. Haka gini: zankwaye a saman soro, indararo, azara a rufin zaure. Yaranmu da yawa daga zanen Japan da na Amurka suka koyi riƙe fensir, kuma ban ga laifin koyo ba, akwai gwanaye a can. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga labarin Fagge ko Sabon Gari, amma gidajen da fuskokin duk na wata ƙasa. Wannan damuwar ma ta girme mu. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su karɓi dabarar Bature amma su zana abin da ke gidansu. Wayar nan mai kyamara da na ba ka, don ka ga gidanku ne.

Sai dai abokan naka suna da 'yar gaskiya, ka riƙe ta. Kyamara ma tana ƙarya. Gilashin kyamarar waya mai ɗaukar faɗi ne, duk abin da ya matso kusa sai ya kumbura: mutum ya miƙo hannu, hannun ya fi kansa girma. Ka ɗaga ta sama ka ɗauki hasumiyar masallaci, layukan su karkace kamar za su haɗu. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ramin ido ta cinye fuska, hazon hunturu kuma ya shafe nisa. Wanda ya ɗora takarda a kan hoto ya bi layi, duk waɗannan zai kwaso, har da abin da bai kamata ba, don hoto ba ya zaɓe. Ledar da ke ƙasa da fuskar mai tallar duk ɗaya ne a wurinsa. Zaɓen nan shi ne aikinka. Babbar matsalar ma ita ce motsi. Ɗauki doki a guje ranar Hawan Daushe, ka bi hoton layi-layi, za ka samu doki a sandare a iska. Gudun yana cikin yadda ka miƙar da wuyansa fiye da yadda hoto ya nuna, da yadda ka bar alkyabba ta tashi, da ƙurar da ka rage ko ka ƙara.

Don haka ga yadda nake yi. Na kan kalli hoto sosai, in fahimci yadda abin ya haɗu, sannan in kife wayar in zana. In na maƙale, in sake dubawa. Littafin zane kuma ba ya barin aljihuna. A tasha, a bakin Kurmi, a wajen mai shayi, ina kama zaman mutum cikin rabin minti kafin ya motsa. Hoto ke ba ni bayanin kaya, littafin ke ba ni rai.

Akwai ladabi a ciki. Yi sallama, faɗi abin da ya kawo ka, nemi izini. Marinan Ƙofar Mata sun saba da masu kyamara, duk da haka gaishe su ka tambaya. Matar aure da 'ya'yan mutane, kada ka ɗauka a ɓoye, in an ce a'a ka yi godiya ka wuce. Wajen jami'an tsaro kuwa, mayar da ita jaka. Hoton da ka tsinta a intanet ma yana da mai shi, wani ne ya sha rana ya ɗauka, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare shi. Wannan ma dalili ne na ɗaukar naka.

Gobe da ka idar da Asuba ka karya, ka fita tun rana na kwance, tsakanin ƙarfe 7 da 9, lokacin inuwa na fito da siffar abu. Abu ɗaya nake so, mai tura ruwa a kura. Ɗauke shi ta gaba, ta gefe, ta baya, ka matsa ka ɗauki yadda ya riƙe hannun kurar da yadda jarkokin ke jere. Sannan ka zauna ka zana shi a littafi yana tafiya. In ka dawo za mu yi shafi mai akwati 4: yana ɗora jarka, yana hawa gangare, taya ta faɗa rami, yaro ya kama masa. Rubuta maganarsu tukuna kafin ka zagaye ta, kuma ka bar mata wuri, don Hausa na cin fili a shafi. Wayar kuma a aljihuna za ta zauna har ka gama aikin fensir.