Amsa ga Hajiya kan ziyarar Monticello: kada a tsallake layin bayi

Assalamu alaikum Hajiya. Kin ce za ki kai yaranki Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ke jihar Virginia ta Amurka, kuma tunda rabin yini kaɗai gare ku, kina tambaya ko ya wadatar ku zaga babban gidan ku bar ɓangaren da bayi suka zauna, ganin ƙaraminku bai wuce shekara goma ba. Na je wurin sau biyu, na farko ni kaɗai, na biyu da iyalina, kuma shawarata ita ce idan lokaci ya ƙure ku haƙura da lambun furanni da kantin tsaraba, amma kada ku bar wannan ɓangaren.

Gidan yana kan tsauni kusa da garin Charlottesville, tafiyar kusan awa biyu da rabi a mota daga Washington. A ƙasa ake ajiye mota, sai ƙaramar bas ta hau da baƙi. Jefferson da kansa ya zana ginin, ya shafe kusan shekara arba'in yana ginawa yana rushewa, kuma shi ne ginin da ke bayan kwabon senti biyar na Amurka. A ɗakin cin abinci za a nuna muku wasu ƙananan akwatuna a gefen murhu waɗanda ake jawo kwalaben giya da su daga ƙarƙashin ƙasa, da wata ƙofa mai kantoci wadda ake jera kwanuka a kai a juya ta, abinci ya shigo. A zuwana na farko dabarar kawai na yaba. Sai da na sauka hanyar da ke ƙarƙashin gidan, na ga ɗakin girki da ɗakunan ajiya, na fahimci cewa waɗannan dabarun sun sa baƙo zai ci ya ƙoshi bai ga yawancin waɗanda suka yi masa hidima ba.

Layin bayin ana kiransa Mulberry Row, tsawonsa kusan mita 300, a gefen kudu na gidan. A da akwai gine-gine sama da ashirin a kansa, ɗakunan kwana da maƙera da shagon kafinta, amma yawancinsu sun rushe sai harsashi. An sake gina wani ɗakin katako bisa ma'aunin da Jefferson ya rubuta da hannunsa, tsawonsa bai fi mita huɗu da 'yan kai ba, daɓensa ƙasa, kuma iyali guda ne ke kwana a irinsa. Ɗana ya taka shi daga bango zuwa bango yana ƙirgawa, sannan ya fito ya ɗaga kai ya dubi babban gidan da ke sama da mu, bai ce komai ba.

Kan batun yaron, Hajiya, ni a ganina shekarunsa ma dalili ne na kai shi. A 1794 Jefferson ya buɗe maƙerar ƙusa a wannan layin, kuma yara maza 'yan shekara goma zuwa sha shida ne ke aikin, tun safe har yamma. Yakan auna ƙarfen da aka ba kowane yaro, ya auna ƙusar da ya fitar, don ya san nawa ya ɓarnatar. Wannan shi ne mutumin da ya rubuta a takardar 'yancin kan Amurka ta 1776 cewa an halicci dukkan mutane daidai, kuma a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600. Ɗana yana da shekara sha ɗaya a lokacin, kuma labarin maƙerar ne ya yi ta tambayata a kai har muka dawo gida.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gidan Fossett. Jefferson ya rasu a 4 ga Yuli 1826 da bashin da ya haura dala 100,000. A wasiyyarsa mutum biyar kacal ya 'yanta, cikinsu har da maƙeri Joseph Fossett, amma bai 'yanta matarsa Edith ba, wadda ita ce ke shugabantar ɗakin girki, haka ma 'ya'yansu. A watan Janairun 1827 aka fara gwanjon dukiyarsa, aka sayar da mutane kusan 130 tare da kujeru da kayan noma. Joseph, wanda wasiyyar ta yi wa alkawarin 'yanci, yana kallo aka sayar da iyalinsa. Daga baya ya yi ta aiki har ya fanshi matarsa da wasu daga cikin yaran, amma ɗansa Peter, wanda aka sayar yana shekara sha ɗaya, bai samu 'yanci ba sai a 1850.

Wuri ɗaya ne zan ce ki fara leƙawa ke kaɗai kafin ki shiga da yara, wato ɗakin da aka keɓe wa Sally Hemings a reshen kudu, wanda aka buɗe a 2018. Baiwa ce, kuma 'yar uba ɗaya da marigayiya matar Jefferson. Tana shekara sha huɗu aka kai ta Faransa a 1787, daga baya ta haifi 'ya'ya shida, waɗanda gidauniyar da ke kula da gidan ta yarda cewa Jefferson ne mahaifinsu, bayan gwajin ƙwayar halitta na 1998 da sauran hujjojin tarihi. An gabatar da labarin cikin mutunci, amma ke kika fi sanin yadda za ki yi wa naki bayani.

Zagayen layin a waje ake yinsa kuma a ƙafa, don haka ku sa takalma masu daɗin tafiya, ku riƙe ruwa idan lokacin zafi ne. Idan kun sauko, kafin ku shiga mota, ki nemi maƙabartar bayi da ke dab da wurin ajiye motoci. Mutum sama da arba'in ne ke kwance a can, wasu kaburburan da ɗan dutse marar rubutu a kansu, wasu babu ko alama. A zuwana na farko na wuce ta ban sani ba, a na biyu kuwa mun tsaya a bakinta kusan minti goma kafin mu kama hanya.