Ƙarfin Mark Henry na gaske ne, to me ya jinkirta masa kambu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaga ƙarfe ne, kuma ina kallon resilin. Muna yawan gardama a wurin atisaye kan Mark Henry, wanda ake wa kirari da mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniya. Wasu sun ce talla ce kawai tunda wasan shiri ne. In kuwa gaskiya ne, me ya sa ya daɗe bai ci babban kambu ba? Sannan wanda ya ƙware a ɗaga ƙarfe, me ya rage masa ya zama ɗan resilin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaya wa abokan gardamarka cewa wannan kirarin dai yana da tushe. Tun kafin Mark Henry ya hau dandamalin resilin sunansa ya shiga kundin gasa ta gaskiya, inda ake auna ƙarfe a sikeli, alƙalai kuma suna kallo.

An haife shi a 1971 a Silsbee, wani ƙaramin gari a jihar Texas ta Amurka. Yana sakandare ya yi suna a nau'in ɗaga ƙarfe mai ɗagawa uku: tsugunawa da ƙarfe a bayan wuya, turawa daga ƙirji a kan benci, da ɗagowa daga ƙasa zuwa ƙugu. Terry Todd da matarsa Jan Todd, masanan wannan fanni a Jami'ar Texas da ke Austin, su ne suka jawo shi zuwa nau'in Olamfik mai ɗagawa biyu: fizge ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a motsi ɗaya, da kawo shi kafaɗa a miƙe sannan a cilla shi sama. Ya je Olamfik ta Basalona a 1992 yana ɗan shekara 21, ya zo na goma a ajin mafi nauyi. A 1995 ya samo zinare da azurfa da tagulla a wasannin ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Ajantina. A Olamfik ta Atlanta a 1996 ciwon baya ya kama shi ana tsakar gasa, ya ƙare na 14.

Ga nauyin da ya ɗaga. A 1995 ya tsuguna da kilo 432.5, ya kuma ɗago kilo 410 daga ƙasa, wato sama da buhun shinkafa takwas mai kilo hamsin-hamsin, a ƙungiyoyin da ke gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. A 1996 ya fizge kilo 180, ya cilla kilo 220. Kai da kake harkar ka san haɗa waɗannan biyun shi ne abin mamakin, domin na farko tsagwaron ƙarfi yake so, na biyu kuwa sai da sauri da laushin idon sawu, ƙugu da kafaɗa, abin da ƙato mai nauyin kilo ɗari da tamanin ba kasafai yake da shi ba.

Har bayan ya shiga resilin sai da ya koma ya kare kirarin. A 2002 ya lashe gasar ƙarfafa ta Arnold ta farko a Columbus, jihar Ohio, ya sha gaban Svend Karlsen ɗan Norway wanda ya ci gasar mafi ƙarfi ta duniya a 2001. A can ne ya ɗaga wani ƙarfe mai tayoyin jirgin ƙasa a gefe biyu da ake kira na Apollon zuwa saman kai har sau uku. Nauyinsa kilo 166 ne, ba wani abu ba ne a wurin Henry. Wahalar tana sandar: kaurinta kusan milimita 49, alhali ta Olamfik 28 ce, kuma ba ta juyawa, don haka wuyan hannu ne ke shan duk murɗawar.

To me ya hana shi kambu? Kamfanin resilin na WWF, wanda ya koma WWE daga baya, ya ba shi kwantiragin shekara goma a 1996, amma bai riƙe kambun duniya ba sai Satumba 2011, da ya doke Randy Orton. Dalili na farko shi ne wanda abokanka suka faɗa. Resilin ba kamar kokawarmu ta gargajiya ba ne, inda duk wanda aka kai ƙasa ya faɗi ke nan. A nan masu kamfani ne ke tsara wanda zai ci, kuma wanda ke jawo 'yan kallo su sayi tikiti suke ba wa kambu. Ƙarfi kaɗai ba ya cika zaure. Amma shirin sakamako bai sauƙaƙa aikin jiki ba, kuma nan ne masu ɗaga ƙarfe ke tuntuɓe.

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga ba ɗaga mutum ba ne, faɗuwa ce. Dandamalin WWE ƙafa 20 ne kowane ɓangare, ƙarafuna a ƙasa, katakai a kai, soso mara kauri, sai tamfol. Ana faɗuwa ne da faɗin baya gaba ɗaya, haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, hannaye a buɗe su mari dandamali lokacin da baya ke sauka, tafin ƙafa a ƙasa, a saki numfashi. Mai ɗaga ƙarfe kuwa ya shekara yana koyon akasin haka: ya cika ciki da iska, ya riƙe, ya ƙame jiki. In ya faɗi a haka numfashinsa zai ɗauke, ko ya kai hannu baya don ya tare, ya karya wuyan hannu ko ya gurɗe kafaɗa. Jiki mai nauyi kuma kowace faɗuwa sai ta fi cinsa.

Na biyu, ƙarfe ba ya motsi kuma in ka gaji kana iya yar da shi, mutum kuwa amana ce a hannunka. Ɗaga abokin wasa saman kai aikin mutum biyu ne: shi zai ɗan yi tsalle a daidai lokacin, ya dafa kafaɗarka, ya miƙar da jikinsa, kai kuma ka tabbata ya sauka da faɗin jiki, ba da ka ko wuya ba. Wanda ya dogara da ƙarfinsa yakan fizgi mutum kafin ya shirya, sai lissafin ya rikice. Ƙaramin kuskure a juyi ya isa: Big E, wanda shi ma daga ɗaga ƙarfe ya fito har ya riƙe kambun WWE a 2021, ya karya ƙasusuwan wuya biyu a Maris 2022 da aka jefa shi a wajen dandamali ya sauka da tsakar ka. Haka ma bugun abokin wasa: dole ya yi kama da na gaske amma ya zo da sauƙi. Ɗan wasa mai hannu da nauyi, abokan aiki gudunsa suke yi.

Na uku, numfashi. Ɗagawa ɗaya ba ta wuce daƙiƙoƙi, sannan ka huta minti uku zuwa biyar. Wasan resilin kuwa minti goma ne zuwa ashirin na gudu tsakanin igiyoyi, faɗuwa da tashi, babu zama. Ƙato in iska ta ƙare masa, ƙafafunsa ke fara mutuwa, sai riƙo ya yi sako-sako, a nan ake jin rauni. Wannan ya sami Henry: a 2000 kamfanin ya tura shi Ohio Valley Wrestling, inda kamfanin ke horar da masu tasowa a lokacin, don ya rage ƙiba ya gyara aikinsa, duk da cewa tun farko an kai shi Calgary a Kanada wurin gidan Hart, dangin da suka shahara a resilin, ya sami horo. A ganina an yi gaggawar fito da shi, domin an sa shi babban wasa da gogaggen ɗan wasa Jerry Lawler a Satumba 1996, makonni kaɗan bayan Olamfik. Raunuka ma sun ci masa lokaci. Ya yi kusan shekara a waje tun farkon shigarsa, sannan a Yuli 2006 jijiyar ƙoƙon gwiwarsa ta tsinke, bai dawo ba sai 2007.

Na huɗu shi ne wanda ba a samu a wurin atisaye ko kaɗan: sa mutane su damu da kai. Sai ka iya nuna jin zafi, ka iya riƙe makirufo, ka san lokacin da za ka dakata jama'a su yi ihu. Henry ya zaga cikin halaye iri-iri, har da na barkwanci a 1999, waɗanda ba su dace da surarsa ba. Ya ci kambun ECW, wani ƙaramin sashe na WWE a lokacin, a 2008, amma sai a 2011 aka bar shi ya zama abin da ya kamata tun farko, mugun ƙato mai ragargaza manyan 'yan wasa irin su Big Show da Kane yana daka musu tsawa. Cikin 'yan watanni kambun duniya ya zo hannunsa. A Yuni 2013 kuma ya fito ya yi jawabin ritaya har da hawaye, jama'a suka yarda, sai ya sunkuci John Cena ya buga da ƙasa. Masu bin wasan da dama na ganin wannan ne mafi kyawun abin da ya taɓa yi, kuma baki da fuska ne suka yi yawancin aikin. An sa shi a zauren girmamawa na WWE a 2018.

Ba kowa ke tsallake waɗannan matakai ba. Bill Kazmaier ya ci gasar mafi ƙarfi ta duniya sau uku a jere, 1980 zuwa 1982, amma zamansa a resilin bai yi armashi ba. Ken Patera, wanda ya wakilci Amurka a ɗaga ƙarfe a Olamfik ta 1972, ya koyi sana'ar a hannun gogaggen ɗan resilin Verne Gagne, ya kuma ci kambun Intercontinental, wanda ke ƙasa da babban kambun WWF, a 1980. Braun Strowman ya ci gasar Arnold ta masu tasowa a 2012, ya shiga WWE a 2013, bai riƙe babban kambu ba sai 2020. Daga Najeriya akwai Oba Femi, ɗan Legas da ya yi jifan dalma a Jami'ar Alabama, wanda ya ci kambun NXT, sashen masu tasowa na WWE, a Janairu 2025.

In kana son gwada kanka, rage ɗaga nauyin ƙarshe na ɗagawa ɗaya, ka ƙara zagaye masu yawa da gajeren hutu: tsuguno da nauyin jikinka kawai, gudu a tsaya a sake, ɗaukar buhun yashi a yi tafiya da shi. Ka ƙarfafa wuya a hankali, ka sassauta ƙugu da kafaɗa, ka koyi mirginawa gaba da baya a kan tabarmar judo. Faɗuwa da jifa kuwa kada ka gwada su da abokai a kan siminti ko katifa, sai a gaban mai horarwa da ya san aikin kuma yana da dandamali na gaske.