Na yi alƙawarin shekara guda ba sayen kaya, ga shi jikina ya buɗe: in karya ko in daure?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Tun bayan babbar sallah na yi wa kaina alƙawari zan yi shekara guda cur ban sayi ko ƙyalle ba, ba atamfa ba leshi ba abaya, saboda na lura kuɗina duk a anko suke ƙarewa alhali akwatuna biyu gare ni cike da kaya. Matsalar tun da na haifi na biyu, wata goma kenan, jikina ya buɗe, rabin kayan basa shiga, wanda ya shiga kuma zif ɗin baya rufuwa. Da niyyata in bar su a haka su zame min dalilin rage ƙiba, amma yanzu duk safiya in na buɗe akwati sai raina ya ɓaci, har na fara ƙin zuwa biki. Ga bikin ƙanwar maigida na tahowa an fitar da anko kala biyu. In karya alƙawarin ne ko in daure?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya abin da aka samu. Ni dai tela ce, na haura shekara ashirin a kan keke, kuma wannan abin da kika faɗa kusan duk sati sai wata ta shigo min shago da shi a leda, ta zazzage kaya a kan tebur tana ba ni haƙuri kamar wadda ta yi laifi, wai Anti ki yi haƙuri na yi ƙiba. Haƙurin me? Ni aikina kenan, da jikin mutane baya canzawa ai da tuni mun rufe shago.

Kar ki karya alƙawarin, yana da kyau, ballantana yanzu da tun cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023 in kika shiga Kantin Kwari kika ji kuɗin turmi sai kin sake tambaya ko kunnenki ne. Amma alƙawari biyu kika haɗa wuri guda ba ki sani ba. Na farko na aljihu ne, ba zan saya ba. Na biyu kuma horo ne kika ɗora wa kanki, wai ba za ki sa abin da ya yi miki daidai ba sai kin koma awon ranar da aka kawo lefenki. Wannan na biyun shi ne yake ɓata miki rai kullum, kuma ban taɓa ganin wadda matsattsiyar riga ta ramar ba, sai dai ta hana ta fita, ta zauna a ɗaki da zani ɗaya da hijabi tana jin haushin kowa. Kaya ake yanka wa jiki, ba a yanka jiki don kaya, mu da almakashi ke hannunmu mun fi kowa sanin haka.

Kuma ki duba ki gani, mu nan ai Allah ya yi mana gata, yawancin kayanmu ɗinki ne ba na kanti ba masu lamba a wuya. Zani ma bashi da awo kwata-kwata, yadi biyu ne, da budurwa da mai ciki wata tara da kaka duk shi za su ɗaura, shi ya sa iyayenmu suka yi haihuwa takwas tara ba su taɓa tsayawa gaban akwati suna kuka ba. Wahalar ta shigo ne da yayin fitted ɗinnan da siket mai kama jiki wanda ko tuwo kika ci da yawa sai ya nuna. Ni ma ina ɗinka su, kuɗi nake nema, amma gaskiya kayan hoto ne ba kayan rayuwa ba.

To ga yadda za ki yi. Ki zaɓi rana da yara suka yi barci ki zazzage akwatunan nan kaf a kan gado, ki juya kowace riga ciki waje ki duba gefe. Tela mai tsoron Allah yana barin alawans, wato ragowar yadi a cikin ɗinkin gefe, inci ɗaya ko ɗaya da rabi. Lissafin da mutane basu sani ba shi ne, in aka saki rabin inci kawai a ɗinki ɗaya to an samu inci guda, saboda gaba ya ba da rabi baya ya ba da rabi, gefe biyu kuma inci biyu kenan a zagayen jiki, in akwai dat a baya, wato ɗinkin da ake tsuke riga da shi don ta kama jiki, aka warware shi ma an ƙara. Yawancin masu cewa riga ta ƙi shiga inci biyu zuwa uku ne tsakaninsu da ita. Sai dai ki sani atamfar da ta sha wanki za ta nuna layin tsohon ɗinki don cikin ya fi waje kala, amma a ƙarƙashin hannu ne, guga da wanki biyu uku yana dusashewa. Shadda ita ce mai riƙo, ramin allura baya ɓacewa da wuri, leshi kuwa ko a jikinsa, amma dole a saki linin ɗin tare, wato yadin da ake shimfiɗa masa daga ciki, in aka manta shi rigar za ta ci gaba da shaƙe ki.

Wadda babu alawans fa? Nan ne ɗankwali yake ceton rai. A yanko daga jikinsa a yi ƙari a gefe ko a tsakiyar baya, ko a sa wani yadi mara zane da ya shiga da kalar a maida shi kamar ado, in tela ya iya wallahi sai an tambaye ki sabon salo ne. Riga da zani kuma da rigar ta mutu murus, zanin nan yadi biyu yana fitar da sabuwar riga mai walwala ki haɗa ta da baƙin siket. Shaddar da ta koɗe ki kai marina, mu a Kano Ƙofar Mata muke kaiwa a rine a buga ta dawo da sheƙi, amma auduga ce take shan rini, irin atamfar nan mai roba-roba kar ki ɓata kuɗinki ba zata kama ba.

Sannan na san halinmu, a ƙasan akwatin nan akwai turame biyu ko uku na lefe ko na fitar suna da ba a taɓa ba, ana jiran wata babbar rana ko ana jiran a rame. A nawa ganin ɗinka abin da kike da shi ba saye ba ne, bai karya alƙawari ba. Kuma atamfa in ta daɗe a ninke bakin ninkin yana cinyewa, na sha buɗe Holan mai tsada a gaban mai ita mu tarar da layi ya fito fari ko ƙwaro ya yi mata huji, ranar ba wanda ya ji daɗi. Ki fito da ɗaya a yi miki bubu ko doguwar riga mai faɗi daga ƙirji, ki ce a bar alawans mai yawa, in jiki ya sauka a rage, ragewa ta fi saki sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da zan ce ki cire daga cikin alƙawarin shi ne kayan ciki, musamman rigar mama. Mai shayarwa ba zata zauna da awon da ba, kuma rabin rigunan da ake kawo min wai sun lalace a ƙirji ba laifin rigar ba ne, abin da ke ƙarƙashi ne ya gaji.

Wanda ya rage bayan duk wannan, wanda tsakaninki da shi ya kai inci biyar shida, ki ajiye biyu da kike matuƙar so, sauran ki fitar, akwai ƙannai akwai masu aiki akwai maƙwabta. Ba wai don lada kawai ba, don idonki ya huta da ganinsu duk safiya.

Maganar jikin kuma. Mahaifa tana komawa mazauninta wajen sati shida, amma wannan ba shi ne jiki ya koma ba, tsokar ciki da ta buɗe da fata da ƙugu suna ɗaukar watanni, wata ma ƙugun nan ya zauna kenan, kuma in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ita ma tana sa wasu ƙiba. Bakin mutane kuwa kar ki auna kanki da shi, waɗanda yau suke ce miki kin zama uwar mata su ne in kin rame za su ja ki gefe su ce lafiya kuwa, ko maigida ne ya sa ki a gaba. A layi ɗaya ake sayar da shayin rage tumbi da sha-ka-fashe na ƙara ƙiba, wani lokacin ma mutum ɗaya ke sayar da duka biyun a WhatsApp. Shayin yawanci gudawa kawai yake sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba, ga ki kina shayarwa, sha-ka-fashen kuma sau da yawa dexamethasone ne a ciki, mai kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Na auna matan da suka sha duka biyun, babu wadda ta dawo tana murna. In kina son rage jiki don lafiyarki ki yi, tafiya da rage lemon kwalba, amma ki yi shi cikin rigar da kike numfashi a ciki. Sai dai in kin ga ƙafa na kumbura, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, wannan ba maganar tela ba ce, ki tafi asibiti kar ki jira, ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a arewa kuma da kumburi yake ɓoyewa a ce ƙiba ce. Haka in ɓacin ran nan ya wuce na kaya, ya zama kuka ba dalili da rashin barci, shi ma ki faɗa wa likita.

Saura anko, kuma na dangin miji, wanda na san ba wasa ba ne. Kar ki yi shiru sai ranar biki a gan ki daban, nan ne magana take tashi. Ki samu uwar biki tun yanzu ki kai gudummawarki a hannu, ko da rabin abin da anko biyu da ɗinkinsu za su ci ne, ki ce Hajiya bana na ɗan ɗaure aljihu amma ga wannan a ƙara a hidima, sannan ki tambayi kalar ki nemo mai kama da ita a akwatinki, ranar kuma ki riga kowa zuwa ki kama aiki. In kin ga duk da haka abin zai zama rigima a gidan aurenki, ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya, shekarar bata rushe ba don turmi guda, ki ci gaba da lissafi daga inda kike.

Ki fara da kala biyar da kika fi so, ki kai wa telanki tun kafin cunkoson biki ko na sallah, don a lokacin ba mai kula gyara. Ki ce a sake awo sabo a goge tsohon da ke littafi, ki je da rigar maman da kike sawa yanzu, kuma dan Allah in an zagaya tef kar ki riƙe numfashi ki shanye ciki, muna ganewa, kuma ke za ki sha wahalar rigar ranar biki bayan an ci shinkafa.